TABO A HOTON HUHU: SHIN HOTON PET ZAI FAƊA MAKA KO KANSA CE?

 

Yau babu maganar cokali kaza na zuma da kofi kaza na ruwan ɗumi. Darasi ne, kuma yana da ɗan tsawo, wanda ke kan hanya ya ajiye shi sai ya samu zama.

Wani ɗan'uwa daga ƙasar Ngaski, can wajen Wara, ya turo mana saƙon murya. Mahaifinsa dattijo ne mai shekara 60 da 'yan kai, tsohon masunci, ya sha taba shekaru masu yawa kafin Allah Ya yaye masa. Tari ya kama shi wata 3 bai sake shi ba. An yi hoton ƙirji aka ga wani tabo a saman huhun dama. Aka tura su babban asibiti aka yi siti sikan, likita ya ce ƙulli ne mai faɗin milimita 18, kuma ba zai iya yanke hukunci a kansa ba tukuna. Sai wani ƙaninsu da ke Abuja ya ce ai akwai wani hoton nukiliya a Legas wanda ke nuna kansa kai tsaye, a sayar da shanu biyu a kai Baba. Tambayar ɗan'uwan nan ita ce: Malam, mu sayar?

Hoton da ƙanin nasa ke nufi shi ake kira PET, ko PET/CT. Na'ura ce ta gaske, kuma tana da amfani sosai. Sai dai wannan kalma ta "kai tsaye" ita ce ba daidai ba, musamman ga mutanenmu na nan. Kafin wani ya kai dabbarsa kasuwa ya kamata ya san dalili.

*MENENE SHI TABON?*

Huhu mai lafiya iska ce cike da shi, shi ya sa yake fitowa baƙi a hoto. Duk abin da ya fi iska nauyi sai ya fito fari-fari. To hoton ƙirji inuwa kawai yake nuna maka, kamar ka hango abu cikin ruwa daga kan kwale-kwale: ka san akwai wani abu a wurin, amma kifi ne, kututture ne, ko dutse, ba ka sani ba.

Likitoci suna kiran abin ƙulli idan faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, wato kamar ƙaramin goro. In ya wuce haka sun fi ɗaukarsa da zafi. Kuma abubuwan da ke haifar da shi suna da yawa. Akwai tarin fuka, wato tibi, wanda ke cin mutum yanzu. Akwai tsohon tibi da ya warke ya bar tabo, wani ma bai taɓa sanin ya yi shi ba. Akwai fumfuna da kan shiga ramin da tibi ya bari ta yi gida. Akwai nimoniya da ba ta gama washewa ba. Akwai ƙurar dutse, kuma a nan sai matasanmu da ke aiki a ramukan zinare na ƙasar Yauri su buɗe kunne, domin ƙurar da ke tashi wajen fasa dutse da niƙa shi tana zama a huhu ta yi ƙulle-ƙulle bayan shekaru. Sannan akwai kansar huhu, ko kansar wani wuri, kamar nono ko hanji, da ta yi tsalle ta zo huhu.

Bari in tsaya a kan kalmar "daji". A wajenmu kusan duk ƙurjin da ya ƙi warkewa da duk kumburin da ba a gane ba, daji muke ce masa. A wannan darasi in na ce kansa, ina nufin wadda aka ɗebi yankinta aka duba a madubin likita aka tabbatar. Kada a haɗa su.

Yawancin ƙananan ƙulli ba kansa ba ne. Wanda bai kai milimita 6 ba, ga wanda bai taɓa shan taba ba, sau da yawa ba a ma bibiyarsa. Daga 6 zuwa 8, kamar ƙwayar masara ke nan, akan ce a dawo a sake siti sikan bayan wata 6 zuwa shekara. Wanda ya haura 8 shi ne likita zai zaɓi ɗaya cikin uku: a sake hoto bayan wata 3, ko a yi PET, ko a ɗebo yanki a auna. Ƙulli mai tauri da ya yi shekara 2 bai ƙaru ba, galibi hankali kan kwanta a kansa.

Wannan ya kawo mu ga abu mafi arha a duk darasin nan: tsohon hoto. In Baba ya taɓa yin hoton ƙirji a da, ko don wani tari, ko bayan hatsarin mota, ko gwajin shiga aiki, a nemo shi. Idan tabon nan yana wurin tun shekara 4 da suka wuce kuma girmansa bai canja ba, wannan tsohuwar leda da ke ƙarƙashin katifa ta amsa tambayar da za a kashe kuɗin shanu a kanta. Ku daina yar da hotunan asibiti, ku daina barinsu a rana, kuma ku rubuta kwanan wata a jikin ambulan ɗin.

*YADDA PET YAKE AIKI*

Hoton ƙirji da siti sikan, hasken daga na'ura yake fitowa ya ratsa jikinka. Shi kuwa hoton nukiliya akasin haka ne: ana sa maka wani ɗan sinadari ta jijiya, shi ne ke fitar da hasken daga cikin jikinka, na'ura kuma aikinta ta ɗauka. Siti sikan siffar abu yake nunawa. PET kuwa aikinsa yake nunawa, wato abin nan a raye yake yana ci, ko kuwa mataccen tabo ne.

Asalin dabarar ta samo tushe ne daga wani masani ɗan Jamus, Otto Warburg, wanda tun a shekarun 1920 ya lura cewa ƙwayoyin kansa suna da haɗamar suga fiye da sauran ƙwayoyin jiki nesa ba kusa ba. Sai daga baya masana suka ce to, mu ɗaura wa suga ƙararrawa mu ga inda za shi. Suka ƙera wani abu mai kama da suga, suka liƙa masa wani sinadari mai fitar da haske, suka sa masa suna FDG. An fara gwada shi a jikin ɗan Adam a Amurka a 1976. Ƙwayar jiki tana haɗiye shi a zaton suga ne, amma ba ta iya narkar da shi, sai ya maƙale a cikinta. Duk inda aka fi ci, nan ya fi taruwa, nan kuma hoton ya fi haske. A 1998 aka fara gwada na'urar da ta haɗa PET da siti sikan wuri ɗaya a birnin Pittsburgh, ta shiga kasuwa a 2001. Ita ce PET/CT ɗin da ake magana: ɗaya na nuna ana ci, ɗayan na nuna a ina ne daidai.

A takardar sakamako za ka ga an rubuta SUV da lamba a gabansa. Ma'aunin yawan hasken ne. An daɗe ana cewa in ya haura 2.5 abin zargi ne. Ka riƙe wannan lamba amma kada ka ba ta amanarka, yanzu za ka ji dalili.

Wani zai ce, Malam, nukiliya fa aka ce, ba za ta ƙona mutum ba? A'a. Abin da ake sawa ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma da kansa yake mutuwa: duk bayan minti 110 rabin ƙarfinsa ya tafi, wani kuma yana fita ta fitsari. Kafin washegari kusan babu saura. Hasken da mutum ke ɗauka ya fi na hoton ƙirji yawa sosai, yana kai wanda jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama a cikin 'yan shekaru. Shi ya sa ba hoton "bari in duba lafiyata" ba ne. Amma ga wanda ke da dalili, amfaninsa ya rinjayi wannan.

*INDA GIZO KE SAƘAR*

Ba kansa kaɗai ke da haɗamar suga ba. Sojojin jini, waɗanda jiki ke turawa wurin da cuta ta shiga, su ma in suna yaƙi ci suke yi ba ƙaƙƙautawa. To ina ne sojojin jini suka fi taruwa a huhu? Wurin da tibi yake. Ƙullin tibi yana haske a PET kamar yadda kansa ke yi, wani lokaci har ya fi ta. Haka fumfuna, haka nimoniya, haka ƙullin ƙurar dutse. Na'urar ta ga ana cin tuwo a ɗaki, amma ba ta san waye a ciki ba.

A ƙasashen da tibi ya yi ƙaranci, in ƙulli ya yi haske a jikin tsohon mashayin taba, zato ya fi karkata ga kansa. Mu kuwa Najeriya ita ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu tibi, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa duk shekara. Ka ga lissafin ba zai zama ɗaya ba.

Kuma ba hasashe nake yi ba. A 2014 mujallar likitoci ta JAMA a Amurka ta buga wani nazari da ya tattara bincike 70 kan wannan hoto. Aka samu yana kama kusan kashi 89 cikin 100 na kansar huhu. Madalla. Amma wajen wanke ƙullin da ba kansa ba, a yankunan da cututtukan huhu masu ƙwayar cuta suka yi yawa, kashi 61 kawai yake dacewa, alhali a sauran wurare 77 ne. Ma'ana, a wuri irin namu, cikin mutum 10 da ba su da kansa, kusan 4 hoton zai ɗora musu zargi. A Afirka ta Kudu, inda su ma tibi ya yi musu katutu, Farfesa Mike Sathekge na Pretoria da abokan aikinsa sun gwada ɗaukar hoton sau biyu, da wuri da kuma bayan jinkiri, ko za a iya raba tibi da kansa ta haka. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna ba a iya rabawa.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai zamewa. Ƙullin da bai kai milimita 8 ba, na'urar ba ta ganinsa da kyau. Akwai kuma wasu irin kansa masu tafiyar hawainiya, waɗanda a siti sikan suke fitowa dishi-dishi kamar hazo, ba sa cin suga sosai, sai hoton ya fito shiru alhali suna nan. Don haka ko an ce maka bai yi haske ba, likitan kirki zai ce ka dawo a sake siti sikan bayan wasu watanni. Ka dawo ɗin.

To ka duba halin da iyalin nan za su iya shiga. An sayar da shanu, an ɗauki dattijo marar lafiya daga bakin tafkin Kainji har Legas, an biya kuɗin mota da masauki da na hoto. Sakamako ya fito: ƙullin ya yi haske, SUV 7, ana zargin kansa amma ba a kore tibi ba, a ɗebo yanki a auna. Wato an dawo inda aka tashi, sai dai yanzu aljihu ya bushe, ga tsoro ya cika gida. Alhali wataƙila gwajin majina na kyauta zai ba da amsar tun a gida.

*GWAJIN DA YA KAMATA A FARA DA SHI*

Duk tarin da ya kai sati 2, a je a gwada majina. Akwai na'urar GeneXpert da ke gano ƙwayar tibi cikin kamar awa 2, har ta nuna ko mai bijire wa magani ce. Gwajin kyauta ne a ƙarƙashin shirin gwamnati na yaƙi da tibi, magani ma kyauta ne, wata 6 ake sha. Ka je babban asibitin da ya fi kusa da kai, Wara ko Yauri ko na Shanga, ka tambayi sashen masu tibi, ko da na'urar ba ta wurin sun san inda ake aika majinar. Akwai kuma lambar 3340 ta shirin, kiranta kyauta ne. Majinar asuba daga can cikin ƙirji ake so, ba yawu ba.

Kafin gwajin, don Allah a bar sayen maganin kemis barkatai. Irin su ciprofloxacin da levofloxacin suna danne tibi na ɗan lokaci, mutum ya ji sauƙi, gwaji ya ruɗe, cutar kuma tana nan tana koyon bijirewa.

Akwai kuskure na biyu, kishiyar na farko, kuma shi ya fi cin rai a ƙasar nan. Saboda tibi ya yi yawa, duk wanda ya zo da tari da rama da tabo a huhu akan ɗora shi kan maganin tibi ko da majina ba ta nuna komai ba. Wani lokaci hakan daidai ne. Amma in an sha magani wata 2 yadda aka ce, ba fashi, kuma ba sauƙi, rama na ƙaruwa, murya ta dishe, ko jini ya ci gaba da fita a majina, kada a zauna jiran cikar wata 6. A koma a ce wa likita: ba mu ga canji ba, ko akwai wani abin? Kansar huhu da dama a haka ake rasa lokacin kama su. Kuma ba mashaya taba kaɗai take kamawa ba, duk da su ne kan gaba. Iyayenmu mata da suka shekara 30 a bakin murhun itace da wajen bandar kifi, su ma hayaƙi suka sha.

A nan ne nake jan kunnen kaina da abokan sana'a. Zuma na lafar da tari, wannan ba a musu. Amma lafawar tari ba ta gaya maka menene tabon ba. Duk wanda ya kalli hoton ƙirji a waya ya ce maka daji ne ga haɗinsa na kwana 40, ya faɗi abin da bai sani ba, domin likitan da ya yi shekaru yana karanta hoton ma cewa ya yi sai an auna. Hayaƙin da ake turara wa mai ciwon huhu kuwa, ƙara masa wahala yake yi.

Abin da ke yanke hukunci shi ne a ɗebo ɗan yanki daga ƙullin, abin da suke kira bayofsi. Ko dai a sa siririyar allura ta bangon ƙirji ana kallo da siti sikan, ko a zura siririn bututu mai fitila ta hanci ko baki zuwa hanyoyin iska. Yankin nan za a duba shi don kansa, a kuma gwada shi don tibi. Yana da nasa haɗarin, wani lokaci iska kan zubo tsakanin huhu da haƙarƙari sai an sa ido ko an cire ta, shi ya sa a babban asibiti ake yi. Maganar da ake yaɗawa cewa in ƙarfe ya taɓa kansa sai ta watsu, ita ta hana mutane da yawa sanin ciwonsu da wuri. Wannan aiki ba sai an je Legas ba, ka tambayi likitanka a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko na Zariya inda za a yi shi.

*TO YAUSHE PET YA CANCANCI KUƊINSA?*

Kada a fahimce ni baibai. Akwai inda babu kamarsa. Idan an tabbatar kansa ce kuma ana shirin tiyata, PET na duba jiki daga kai zuwa cinya ya nuna ko ta riga ta je kaluluwar tsakiyar ƙirji, ko ƙashi, ko hanta. In ta je, buɗe ƙirji ba zai yi amfani ba, wata hanyar za a bi. Wani bincike da aka yi a Holan aka buga a 2002 ya nuna yin PET kafin tiyata ya rage tiyatar da ba ta da amfani da kusan rabi. Haka kuma in ƙullin yana wurin da allura ba ta isa cikin sauƙi, ko mara lafiyar ba shi da ƙarfin numfashin da zai jure, PET na taimaka wa likita ya san ko ya matsa ko ya jira, da kuma wane wuri ya fi dacewa a ɗebo. Tambayar da za ka yi wa likita guda ɗaya ce: Likita, in ya yi haske me za mu yi, in bai yi ba me za mu yi? In amsar duka biyun ita ce bayofsi, to a fara da bayofsin.

Wani zai ce me ya hana a kawo na'urar kusa? Minti 110 ɗin nan ne. Sinadarin ba a ajiye shi a shago, kullum ake ƙera shi a wata babbar na'ura mai suna saikulotoron, kuma daga fitowarsa ya fara mutuwa. In ka ɗauko shi a mota ka yi awa 11 a hanya, kashi 1 cikin 64 ne zai rage. Ga kuma buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, abin da mu maƙwabtan madatsar Kainji, wadda ke ba ƙasa wuta tun 1968, muka fi kowa sanin labarinsa. Shi ya sa sai a 'yan shekarun nan aka fara PET a Najeriya, a wata cibiya mai zaman kanta a Legas. Kafin nan Indiya da Masar ake tafiya.

A lura kuma, ba duk hoton nukiliya ne PET ba. Asibitin koyarwa na Ibadan, wanda ya buɗe cibiyarsa ta nukiliya a 2006, da Asibitin Ƙasa na Abuja, sun daɗe suna yin wani iri da ake amfani da sinadarin teknishiyam, wanda rabinsa ke tafiya a awa 6. Da shi ake hoton ƙashi, da na maƙoƙo, da na ƙoda. Kafin ka hau mota, a rubuta maka sunan hoton a takarda, ka kira wurin ka ji suna yinsa, kuma wace rana.

*IN LIKITA YA CE A YI*

A nan ne mu masu zuma da dabino za mu kiyaye. Za a ce kada ka ci komai awa 4 zuwa 6 kafin allurar. Komai fa. Cokalin zumar nan ta safe da ka saba, dabino uku, kunu, shayi mai suga, lemon kwalba, har alewar tari, kowannensu na iya ɓata hoton. Dalili: in suga na gaske ya cika jini, ƙullin ya ƙoshi ba zai ɗauki na allurar ba, sauran kuma ya tafi cikin tsoka, sai hoton ya fito a dagule, kuɗi sun tafi. Amma ba azumi irin na Ramadan ake nufi ba, ruwa zalla ana so ka sha sosai.

Mai ciwon suga ya faɗa tun ranar da ake ba shi lokaci, su za su tsara masa yadda zai yi da maganinsa ko insulin. Kada ya daina da kansa. Za a auna sugan a wurin, in ya haura wajen 11, ko 200 a ɗaya ma'aunin, akan ɗage aikin. Duk wani jiƙo ko gari da ake sha a gaya musu, ba abin kunya ba ne.

Kwana ɗaya kafin nan ba aikin ƙarfi, ba noma, ba jan taru, ba doguwar tafiya a ƙasa, domin tsokar da ta gaji ita ma suga take zuƙa. Gara a isa garin da kwana ɗaya ko biyu a huta. A tafi da rigar sanyi, ɗakunan akwai sanyin na'ura, kuma jiki in ya ji sanyi wani kitse na wuya da kafaɗa yakan yi haske ya ruɗa mai karatu.

Bayan allura za a bar ka kai kaɗai kamar awa 1 a kwance. Ba hira, ba waya, ba taunar goro. Ko zikirinka ka yi shi a zuci, domin motsa baki da murya na sa tsokar maƙogwaro ta ɗauki sinadarin. Sai ka yi fitsari, a kwantar da kai a na'urar minti 20 zuwa 30. Ba zafi. In an gama ka ci abincinka, ka sha ruwa da yawa, kuma na wasu awanni kada ka rungumi jariri ko ka zauna dab da mai juna biyu. Mace mai ciki, ko wadda ke zaton tana da shi, ko mai shayarwa, ta faɗa kafin a taɓa ta. A tafi da duk tsoffin hotuna da sakamakon majina, kuma a gaya musu in an taɓa yin tibi ko aikin fasa dutse, domin da wannan labarin mai karanta hoton zai auna abin da ya gani.

Ɗan'uwanmu na Wara, ga amsarka. Milimita 18 a saman huhu, a jikin dattijon da ya sha taba, ba abin a zauna a kai ba ne, kuma ba abin jira na wata 6 ba ne. Amma shanun a bar su tukuna. A saƙonka ba ka ambaci gwajin majina ba, to gobe da safe a kai majinar Baba. A tambayi Inna ko akwai tsohon hoto a cikin akwati. Da sakamakon a hannu ku koma wurin likitan da ya yi siti sikan cikin satin nan, kai da kanka ka shiga tare da Baba, ka tambaye shi batun bayofsi da ranar da za a yi. In shi ya ce PET ne mataki na gaba, kuma ya faɗa maka abin da sakamakon zai canja, to sannan ku zauna da ƙaninka ku yi maganar kasuwa. Ka tura masa wannan darasin ya karanta kafin ku yi waya.

Allah Ya ba Baba lafiya, da sauran marasa lafiyarmu na gida da na asibiti.